Yatsa ne makullin waya ko lambar sirri?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina sana'ar POS a bakin kasuwar Wunti nan Bauchi, da yatsa nake buɗe wayata, amma duk sanda na kashe ta na kunna sai ta ƙi yatsan tace sai lambar sirri. In yatsan ne makulli me ya kawo lamba kuma?

AMSA: Yawwa ɗan uwa, ai dama yatsan ba shi ne makullin ba, maigadi ne kawai. Ainihin makullin da ke rufe bayananka jerin sifili da ɗaya ne, galibi guda 256, yana ɓoye a wani keɓaɓɓen sashe na wayar kuma da lambar sirrinka aka ɗaure shi, shi yasa in ka kunna sai ka fara bada lambar tukunna maigadi ya kama aiki.

To me zai hana a ƙera makullin daga zanen yatsan kai tsaye? Nan gizo ke saƙar. Makulli baya yarda da "ya yi kama", ɗigo ɗaya ya sauya shikenan ƙofa ta ƙi, shi kuwa yatsa baya taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu, yau ka danna da ƙarfi gobe ka karkace, jibi hunturu ya busar da fatar ko an sha lalle ko an dawo daga gona hannu duk kanta (wanda ya tsaya layin BVN yana goga yatsa a riga ya san zancen). Masana a 2004 sun fito da dabarar ajiye wasu ƴan bayanan taimako da ke gyara ƙananan kurakuran har makulli ɗaya ya riƙa fitowa kullum, dabarar ta burge ni gaskiya.

Amma ni abinda yafi damuna, yatsa ba sirri bane, kana barin shi a jikin kofin shayi. A 2013 kwana kaɗan da fitowar iPhone 5s wasu ƴan Jamus suka buɗe ta da yatsan roba, a 2015 kuma aka sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 a wata ma'aikatar gwamnatin Amurka. Lamba in ta fita ka canza, yatsu goma ne dakai.

Kai da kuɗin mutane ke ratsa wayarka, sa lamba mai shida ko fiye, banda shekarar haihuwa don Allah, sannan ka ƙara yatsa na biyu kafin sanyi ya shigo.