Me ya sa ake kiran attajirai "masu hannu da shuni"?

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto tana tambaya: "Malam, mene ne shuni, kuma me ya haɗa shi da dukiya?"

Malama, na gode da wannan tambaya. Amsarta tana gona kafin ta zo kasuwa. Akwai wani tsiro da ake kira baba. Idan ya girma sai a yanka, a shanya, a kai marina ko karofi. Can ake zuba shi a cikin rami mai zurfi tare da ruwa da toka, a bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa, marini yana motsawa har ruwan ya nuna. Daga wannan ruwa ake samun shuni, wato tataccen launin baban. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ya ga abin mamaki: zane yana fitowa daga rami da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka.

Bayan rini sai bugu. Mabuga suna ɗora tufa a kan gungumen ice, suna ƙara masa shuni, suna dukansa har ya yi sheƙi. Irin wannan kaya, kamar rawani ɗan Kura da turkuɗi, tsada ne da su, kuma launinsu yana zuba a jiki. Mai hali ya naɗa rawaninsa, ya gyara rigarsa, sai hannunsa ya yi shuɗi. Talaka kuwa ina zai samu? Nan maganar ta samo asali. Buzaye ma, da suka daɗe suna sayen waɗannan tufafi daga ƙasar Kano, shunin yakan rine musu fuska.

Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga masu faɗin wannan magana yau ba za su gane baba ba ko da sun taka shi. Marini kuwa ya san lokacin yankansa, ya san tokar da ta dace, ya san ƙanshin ramin da ya nuna. Sana'arsa ce ta tilasta masa lura da ƙasa da damina. Tun da aka fara sayar da shunin masana'anta a Jamus a 1897, noman baba ya yi ta ja da baya a duniya, ramuka da yawa suka bushe.

Kin kuma tambayi "rawaya". Ita ma tsiro ce ta daji, saiwarta ake dakawa a samu launin. Haka dukawa ke samun jan fata daga karan dafi, majema kuma su jeme ta da bagaruwa.