Yadda kashi 48 na ƙuri'u ya zama kujera 64 a majalisar Isra'ila

Salamu alaikum jama'ar gida. Malama, na saurari tambayarki kan binciken da kike yi: ta yaya ɓangaren Netanyahu ya samu kujera 64 cikin 120 a zaɓen 1 ga Nuwamba 2022, alhali ƙuri'unsu ba su kai rabi ba? Kin ce ko maguɗi ne. A'a, lissafi ne, kuma da biro da takarda za ki iya fitar da shi.

Da farko ki cire tsarin mazaɓu irin namu daga ranki. A can ƙasar gaba ɗaya mazaɓa ɗaya ce. Ba mutum ake zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya ake zaɓa. Mai zaɓe zai shiga bayan labule, ya tarar da ƙananan takardu a jere, kowace da haruffan jam'iyyarta, ya ɗauki ɗaya ya sa a ambulan, shi ke nan. In jam'iyya ta ci kujera 10, mutum 10 na saman jerinta ne za su shiga Knesset, wato majalisar.

To ga inda gizo ke saƙar. Akwai shinge: duk jerin da bai kai kashi 3.25 na halastattun ƙuri'u ba, ko kujera ɗaya ba shi da ita, ƙuri'unsa sun bi ruwa. Da can shingen kashi 1 ne, ya koma 1.5 a zaɓen 1992, ya koma 2, sannan a 2014 aka ɗaga shi zuwa 3.25. Ki buga 3.25 cikin ɗari na 120, zai ba ki kusan 4. Ke nan ƙaramar jam'iyya ko ta shiga da kujera kamar 4, ko ta tashi a tutar babu.

A 2022 shingen ya tsaya wajen ƙuri'a dubu 155. Meretz, ta masu ra'ayin hagu, ta samu kashi 3.16, ƙuri'a kamar dubu 4 kacal suka hana ta tsallakewa. Balad, ta Larabawa, ta samu 2.91. Haɗa su biyun, kusan ƙuri'a dubu 290 ke nan, duka na masu adawa da Netanyahu, aka zubar. Kujera ɗaya a zaɓen wajen ƙuri'a dubu 36 ta ci, ki raba da kanki ki ga abin da ya salwanta.

Kuma ba tsautsayi ba ne, sakaci ne. Netanyahu da kansa ya matsa wa Smotrich da Ben Gvir, shugabannin jam'iyyu biyu masu tsattsauran ra'ayin dama, suka shiga jeri ɗaya don kada ɗayansu ya faɗi ƙasan shinge, suka fito da 14. A ɗaya ɓangaren kuwa, Lapid, firaministan lokacin, ya yi ta lallashin shugabar jam'iyyar Labor ta lokacin, Merav Michaeli, ta haɗe da Meretz, ta ƙi. Balad ita ma ta ɓalle daga jerin haɗin gwiwarta da jam'iyyun Hadash da Ta'al ana dab da rufe miƙa sunaye. A ganina ranar miƙa sunayen nan aka ci zaɓen, tun kafin kowa ya riƙe ambulan.

Rabon kujerun kuma ga yadda yake. Ki ware waɗanda suka faɗi. Ki haɗa ƙuri'un waɗanda suka tsallake, ki raba da 120, abin da ya fito shi ne farashin kujera. Ki raba ƙuri'un kowace jam'iyya da farashin nan, ki ɗauki cikakken adadi ki bar ɓurɓushin. Za ki ga 'yan kujeru sun yi saura. Su ake rabawa da tsarin Bader-Ofer, wanda ake bi tun 1973: ki raba ƙuri'un kowace jam'iyya da kujerun da ta riga ta samu haɗe da ɗaya, wadda sakamakonta ya fi girma ta ɗauki kujerar, sai a sake, har su ƙare. Wannan ya ɗan fi yi wa manya daɗi. Shi ya sa jam'iyyu biyu kan ƙulla yarjejeniyar rarar ƙuri'u kafin zaɓe, a lissafa su tamkar ɗaya a wannan matakin. Labor da Meretz sun ƙulla, amma da Meretz ta faɗi yarjejeniyar ta mutu, don sai duka biyun sun tsallake take aiki. Nan ɗalibai suka fi yin kuskure.

Sakamako: Likud ta Netanyahu 32, jerin Smotrich 14, sai jam'iyyu biyu na masu tsananin riƙo da addini, Shas 11, ɗayar kuma 7. Ga 64 ɗinki, daga kashi 48 da 'yan kai. Rinjaye a majalisar kujera 61 ne, kuma babu jerin da ya taɓa cin 61 shi kaɗai a zaɓe. Mafi yawa 56 ne a 1969.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, tunda za ki taɓo Larabawa. Kada ki ɗauki kashi 21 da hukumar ƙididdigarsu ke bayarwa ki ce shi ne kasonsu na masu zaɓe. Adadin ya haɗa da Falasɗinawan Gabashin Ƙudus, waɗanda akasarinsu takardar zama gare su, ba ta ɗan ƙasa ba: suna iya zaɓen magajin gari, ban da Knesset. Falasɗinawan Gaɓar Yamma ba su da ƙuri'a a Knesset sam, amma Yahudawan da ke matsugunan wurin suna da ita. Ki faɗi wannan ƙarara a babin hanyoyin bincikenki, don mai duba aikin zai tambaya.

Alƙaluman kuma, Kwamitin Zaɓe na Tsakiya yana sakin su gari-gari, akwati-akwati. Sai dai ki tabbatar na ƙarshe kika ɗauko, bayan an ƙirga ambulan biyu-biyu, wato ƙuri'un waɗanda ba su yi zaɓe a akwatinsu ba, irin na sojoji da fursunoni da marasa lafiya a asibiti da ma'aikatan jakadanci. Su ake ƙirgawa a ƙarshe, kuma sukan motsa kujera. In kin gama lissafin ki turo hotonsa nan mu duba.