Ku Tambaya Mu Amsa: Hoton ƙarya a ɗakin baje koli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane, Samaru. Ina son aikina na fita ya nuna wa mutane cewa ba kowane hoto da suka gani a waya ne abin gaskatawa ba. Niyyata in haɗa hotunan gaske da na ƙirƙirarriyar basira, in bar masu kallo su bambance. Wani malamina ya ce wannan yaudara ce kawai. Ta ina zan fara, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Malaminki yana da hujja, amma irin aikin da kike nufi ya daɗe. Tun 1840 Hippolyte Bayard na Faransa ya ɗauki hoton kansa kamar gawar da ta nutse a ruwa, alhali yana nan da ransa. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar hotuna ta Sony da hoton wasu mata biyu da na'ura ta ƙirƙira, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya ce wannan ba hoton kyamara ba ne. Abin da ya raba Eldagsen da mayaudari shi ne da bakinsa ya tona asirin kansa. Don haka ki fara tsara yadda za ki tona asirin tun kafin ki tsara ƙaryar.

Hotuna 12 sun isa. Ki zaɓi wuri guda da kowa ya sani, kamar Ƙofar Doka ko kasuwar Sabon Gari. Huɗu su kasance na gaske, ba a taɓa su ba. Huɗu na na'ura. Sauran huɗun kuwa, waɗanda a ganinmu su ne zuciyar aikin, na gaske ne amma an yanke gefe ko an sa musu rubutun da ba nasu ba: layin masu jiran adaidaita a rubuta cewa layin rabon abinci ne. Da yawa daga ƙaryar da ke yawo a WhatsApp irin wannan ce, tsohon hoto da sabon labari, ba ta buƙatar wata fasaha.

Wurin bugawa ne aiki ke yawan lalacewa. Takardar A3, mai santimita 29.7 da 42, tana buƙatar kusan fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto) 3,500 da 4,960 kafin hoto ya fito tas. Da yawa daga manhajojin ƙirƙirar hoto suna ba da abin da bai wuce fiksel dubu da 'yan kai ba a kowane gefe. Idan kika buga su haka, na na'urar za su fito dishi-dishi kusa da na kyamara, yaro ma zai gane. Maganin shi ne ki rage duka 12 zuwa girma ɗaya, ki tura su ta WhatsApp a matsayin hoto domin ya matse su daidai wa daida, sannan ki buga a A4, takarda iri ɗaya, firam iri ɗaya, a shago ɗaya. Asalin fayilolin kuwa ki adana su daban. WhatsApp da Facebook suna goge bayanan da kyamara ke ɓoyewa cikin fayil, irin su rana da sa'a da samfurin kyamara, kuma su ne shaidarki in an yi gardama.

Ki ba kowane mai kallo kati mai lamba 1 zuwa 12 ya rubuta hukuncinsa kafin ya ga amsa. Amsar ta kasance a ɗaki na biyu, kowane hoto da asalinsa a gefe, da bayanin inda na'ura ta yi tuntuɓe. A hotunan Zariya tuntuɓen nata a fili yake ga ɗan gari. Tana naɗa rawani yadda babu mai naɗa shi, tana cakuɗa aikin aska a babbar riga, zankon soro ya fito kamar na wata ƙasa, rubutun allon shago ya zama haruffa marasa ma'ana. Kada ki dogara da ƙirga yatsu, manhajojin yanzu sun gyara wannan sosai. Inuwa ta fi amana: ki ja layi da rula daga ƙarshen inuwar kowane abu zuwa saman abin, a hoton rana na gaske layukan za su haɗu a wuri ɗaya ko su tafi a jere.

Babban haɗarin yana aljihun masu kallo. Wani zai ɗauki hoton da wayarsa ya tura, bayaninki kuma ya tsaya a bango. Joan Fontcuberta na Sifaniya ya ƙirƙiri wani ɗan sama jannatin Rasha da fuskarsa shi kansa a 1997, sai ga wani shirin talabijin na ƙasarsu ya kawo labarin a matsayin gaskiya a 2006. Saboda haka ki saka alamar da ke nuna ƙirƙira ce a cikin hoton kansa, kusa da tsakiya inda ba za a yanke ta ba, misali ƙaramin allo a jikin bango da aka rubuta «ƙirƙira ce». Mai gaggawa ba zai lura ba, wanda ya tsaya ya duba zai gani.

Kada ki taɓa fuskar sarki, malami, ɗan siyasa ko wani da ake iya ganewa. Kada ki ƙirƙiri gobara, rikici, garkuwa da mutane ko wani abu da ya shafi masallaci ko coci. A garin da jita-jita ke iya rufe kasuwa cikin sa'a guda, wannan ba abin gwaji ba ne. Waɗanda kika ɗauka a hotunan gaske ma ki nemi izininsu, musamman waɗanda za ki canja wa rubutu.

Tambaya: An turo mini hoton ambaliya an ce a Tudun Wada ne. Ba ni da kwamfuta. Yaya zan gane? Daga wani mai karatu a Tudun Jukun.

Amsa: Malam, wayarka ta isa. Ka buɗe hoton da Google Lens ko ka ɗora shi a shafin TinEye, ka nemi inda ya fara fitowa. TinEye yana barin ka jera sakamako daga mafi tsufa. In ka gan shi a shafin wata ƙasa shekaru uku da suka wuce, magana ta ƙare. In bai fito ba, hakan bai tabbatar da shi ba, domin sabon hoto da na na'ura duk ba lallai ne su fito ba. Sai ka duba lambar mota, launin adaidaita da harshen allunan shaguna, sannan ka kira wani mazaunin unguwar ka tambaye shi sunan layin da ruwan ya ci.