Dashen haƙori: shin tsadar ƙarfen "nano" ta cancanci kuɗinta?

Tambaya: Na rasa matauni biyu, kuma likita ya ba ni zaɓi tsakanin ƙarfen dashe na titaniyom iri biyu, ɗaya ya fi tsada saboda wai an sarrafa fuskarsa da fasahar nano. Ina da ciwon suga. Wanne zan ɗauka? Daga wani ɗan kasuwa a Argungu.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Maganar likitanka tana da tushe. Tun 1952 Per-Ingvar Brånemark, wani likita mai bincike na ƙasar Suwidin, ya lura cewa ƙashin zomo ya manne da titaniyom har ya ƙi rabuwa da shi, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe. Daga baya aka fahimci cewa jiki fuskar ƙarfen yake hulɗa da ita.

Da zarar an ɗaura ƙarfen a muƙamuƙi, jini ne ke fara lulluɓe shi, sannan ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj su iso. Waɗannan ƙwayoyi hali biyu gare su: ko su tsaya kan faɗa su tsawaita kumburi, ko su koma gyara, su saki sinadarai irin su VEGF masu sa sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro. Fuskar da aka yi wa ƙananan ramuka da tudu a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, kuma take karɓar jini ya shimfiɗu a kanta, takan karkata makrofaj zuwa gyara. Inda jini bai kai ba kuwa, ƙashi ba ya ginuwa, shi ya sa batun ya shafe ka musamman, domin ciwon suga ƙananan jijiyoyin nan yake raunanawa.

Sai dai mafi yawan shaidar da ake da ita kan sababbin fuskokin nano daga ɗakin gwaji da dabbobi ta fito, kuma ƙarfe mai kaushi na yau da kullum ya daɗe yana zama lafiya a bakin mutane. Kaushin ma yana da illarsa, don idan dasashi ya janye, ƙwayoyin cuta sun fi samun maɓoya a kansa.

A ganina, ka fara da gwajin HbA1c, wanda ke nuna yanayin sugarka na kusan wata 3, domin babu fuskar ƙarfen da za ta rufe giɓin sugan da ya ƙi sauka ko shan taba. Ka tabbatar likitan yana da rajistar MDCN, wato hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Nijeriya, ka nemi sunan kamfanin da lambar ƙarfen a rubuce, saboda wanda zai gyara maka nan gaba a Birnin Kebbi ko Sakkwato zai buƙace su. Idan suga ya daidaita, kuma mai tsadar na kamfani ne sananne irin Straumann ko Nobel Biocare, ƙarin kuɗin bai zama asara ba ga mai irin lalurarka. Idan kuwa sunan "nano" kawai aka faɗa maka babu takarda, ɗauki na yau da kullum.