Kumburin furostet: maganin gargajiya ko tiyata?

Malam, ka ce Baba yana tashi fitsari sau biyar cikin dare saboda kumburin furostet (wani nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kewaye da hanyar fitsari), kuna tsoron tiyata, kuna neman saiƙo ko ganye. Allah ya ba shi lafiya.

A fara da gwajin fitsari, PSA (gwajin jini na furostet), aikin ƙoda, da hoton da zai nuna fitsarin da ke saura a mafitsara. Idan ƙoda lafiya lau, ya daina shan ruwa da shayi awa 2 kafin barci, ya guji maganin mura, domin yana iya toshe fitsari.

Saw palmetto, maganin tsiro da ake talla don furostet, manyan gwaje-gwaje a Amurka a 2006 da 2011 sun nuna bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. A magungunan asibiti, Tamsulosin 0.4mg kan sassauta hanyar fitsari cikin kwanaki, amma yana sa jiri. Finasteride 5mg ke rage kumburin, sai dai yana ɗaukar wata 6.

Amma in fitsari ya tsaya cak har aka sa roba, ko jini, tsakuwa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, jiƙe-jiƙe ɓata lokaci ne. A tiyatar furostet da ake kira TURP ba a tsaga ciki, ta mazakuta ake kankare naman. Yawanci bayanta maniyyi kan koma mafitsara, don haka in yana son ƙarin haihuwa, ya faɗa wa likita tun kafin a shiga.