Shin Mu Bar Noma Domin Jiran Dawowar Almasihu?

Tambaya: Baba Fasto, maigidana ya saurari wani wa'azi a WhatsApp wanda ya sanya ranar da Yesu Almasihu zai dawo, kuma tun daga lokacin yake cewa ba zai shuka gero bana ba, har yana neman mai sayen gonarmu da ke hanyar Tibiri. Yaya ya kamata Kirista ya yi zaman jira? Daga wata mai karatu a Maradi.

Amsa: 'Yata, Matiyu 24:36 ta nuna cewa babu wanda ya san wannan rana sai Uba kaɗai, saboda haka duk mai wa'azin da ya tsayar da ita ya wuce gona da iri. An taɓa yin haka a Amurka, inda mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, suka jira ranar 22 ga Oktoba 1844, wasunsu suka bar amfanin gona bai girbu ba, gari ya waye kamar kullum.

Zaman tsaron da Matiyu sura 24 da 25 suke nufi aiki ne. Bawan da aka yaba shi ne wanda ubangijinsa ya iske yana raba wa 'yan gida abinci a kan kari, kuma a misalin 'yan mata masu jiran ango, biyar masu hikima sun yi tanadin man fitila tun kafin dare ya yi. Manzo Bulus ma ya tsawata wa Kiristocin garin Tasalonika da suka ajiye sana'a, ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Ki yi wa maigidanki magana cikin ladabi, ku riƙe addu'a tare, kuma ki roƙi dattawan ikilisiyarku su zauna da shi kafin a ƙulla cinikin gonar, domin damina ta kusa.