Tambaya da Amsa: Kunun Yaro, Gudawar Haƙori da Fitsarin Kwance

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana watansa takwas. Tun da ya cika wata shida nake dama masa koko ina ba shi a fida, kuma yana sha har cikinsa ya yi tim. Amma wata biyu ke nan ana ce mini a wurin awo nauyinsa bai ƙaru ba. Me nake yi ba daidai ba?
Uwar ɗan fari, Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsalar tana cikin fidar nan. Duk kunun da zai iya wucewa ta hujin fida ruwa ya fi yawa a cikinsa, kuma cikin yaro ɗan wata takwas bai wuce cin ƙaramin kofi ɗaya ba. Idan ruwa ya cika shi, yaro zai ƙoshi, amma jikinsa bai samu abin ginuwa ba. Ga gwaji mai sauƙi: ki ɗebi kunun da cokali ki karkata shi. In ya tsiyaye nan take, ya yi ruwa. Wanda ya dace shi ne wanda zai ɗan tsaya a cokalin kafin ya zubo a hankali. Ki ajiye fida, ki koma kofi da cokali, domin bayan batun kauri, fida tana da wuyar wankuwa, kuma a lungunanta ƙwayoyin gudawa ke zama.

Na biyu, gasarar gero ko ta masara kaɗai ba ta gina yaro. Ki haɗa garin da ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown: gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. Ki tsince hatsin, ki wanke, ki shanya. Waken suya kuwa ki jiƙa shi ya kwana, ki murje ɓawon, ki shanya shi ya bushe ƙarau. A gyaɗa ne ake so ki zura ido sosai. Duk wadda ta yi funfuna, ko ta yamushe, ko ta canza launi, ki zubar, saboda funfunar gyaɗa da ta masara tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Ki soya kowanne daban a kasko ba tare da mai ba, domin lokacin suyarsu ba ɗaya ba ne. In kin haɗa su, gyaɗa za ta ƙone alhali wake bai soyu ba. Waken da bai soyu ba shi ne ke kumbura wa yaro ciki, har iyaye su ce garin bai karɓe shi ba. Alamar ya yi ita ce ƙarninsa ya tafi, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Idan komai ya huce sai a kai niƙa, a roƙi mai inji ya fara wuce da ɗan hatsi don ya kwashe ragowar barkono ko abin da aka niƙa kafin naki. Ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi. Kada ki yi mai yawan da zai wuce mako 3 ko 4, domin man gyaɗar da ke ciki yana canza ɗanɗano idan ya daɗe.

Wajen damawa, babban cokali 3 na garin ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki zuba a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, ki rage wuta kina juyawa minti 5 zuwa 10. Wannan kunu dafa shi ake yi, ba kamar koko ba da ake sheƙa wa ruwan zafi a sauke. Ki sa ƙaramin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa. Yau ki murmushe masa dafaffen ƙwai a ciki, gobe garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya, jibi dafaffiyar kabewa ko dankalin Hausa mai jan ciki. Zuma kam kada ki ba shi sai ya cika shekara ɗaya.

A wata 6 zuwa 8 ana ba da abinci sau 2 zuwa 3 a rana, a fara da babban cokali 2 ko 3 ana ƙarawa har rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11, rabin kofi sau 3 zuwa 4. Nono kuma ya ci gaba yadda yake so. Ragowar kunun da ya yi awa 2 a ajiye ba na yaro ba ne. Ki koma awo bayan wata guda, in nauyin bai motsa ba a duba shi, wataƙila akwai wani ciwo a ƙasa.

Tambaya: Jikata watanta tara, kwana biyu tana gudawa, sau biyar ko shida a yini. Ni a sanina haƙori ne, in ya fito za ta daina. Uwarta ta nace sai an je asibiti. Wa ya fi gaskiya?
Wata kaka, Maraɗi

Amsa: Inna, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka lura da shi gaskiya ne, gudawa da fitar haƙori sukan zo lokaci ɗaya. Sai dai ba haƙorin ke kawo ta ba. A wannan watannin ne yaro ke rarrafe, dasashinsa na ƙaiƙayi, duk abin da ya tsinta a tsakar gida sai ya kai baki: takalmi, murfin kwalba, ƙasa. A lokacin ne kuma aka fara ba shi ruwa da kunu. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Haƙori yakan sa dalala da rigima da ɗan ɗumin jiki, amma zawo sau shida a yini ciwo ne, kuma abin da ke kashe yaro a cikinsa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kwana ɗaya ya isa ya galabaitar da 'yar wata tara.

Tun yanzu a fara ba ta ruwan gishiri da sukari. Wanda ya fi shi ne na ƙunshi, ORS, da ake samu a kemis da asibiti. A karanta jikin takardar, yawanci ƙunshi ɗaya na lita ɗaya ne, wato ruwan leda 2 masu rabin lita. A juye garin duka, kada a raba shi da ido, kada kuma a rage ruwan don wai ya fi ƙarfi, domin gishiri in ya yi yawa shi ma haɗari ne. Idan ba a samu ƙunshi ba, a cikin lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ta yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini, wato awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Tare da shi a ba ta ƙwayar zinc, miligiram 20 sau ɗaya a rana na kwana 10 zuwa 14 (jaririn da bai kai wata 6 ba rabi ake ba shi). Ana narkar da ita a cokali da ruwa ko nono. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da zawo ya tsaya, alhali cika kwanakin ne ke rage dawowarsa a watannin da ke tafe. Kada a hana ta nono, kada a hana ta abinci.

Muna roƙon ku da babbar murya ku guji garin haƙori da ruwan maganin haƙori da ake saya ba tare da likita ba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Najeriya. Haka nan maganin tsayar da zawo na manya ba na yara ba ne.

A tafi asibiti ba tare da jira ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini a kashi, ta kasa shan nono, tana amayar da komai, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ta yini ba fitsari, jiki ya yi zafi, ko ta yi laushi tana ta barci. Tun da yau kwana biyu ke nan ba sauƙi, shawarar uwarta ita ce daidai. A tafi da katin rigakafinta a duba ko ta samu ɗigon rota, wanda ke kare yara daga gudawa mai tsanani.

Tambaya: Matata ta samu ciki alhali 'yarmu watanta 13. 'Yan'uwa sun ce nonon ya lalace, a yaye ta yau a kai ta gidan kakarta. Yarinyar kuwa ba ta cin abinci sosai.
Wani magidanci, Azare

Amsa: Malam, ciki ba ya mai da nono guba. Abin da ke faruwa shi ne nonon yana raguwa, musamman daga wata na huɗu ko na biyar, ɗanɗanonsa kuma yana canzawa. Ramar da ake gani a jikin yaran da aka yi wa kwanika yawanci daga yayen rana ɗaya take fitowa: an cire nono, an raba yaro da uwarsa, ga shi bai saba da abinci ba, sai ya yi zuciya ya ƙi ci, gudawa ta biyo baya. Yarinyar da ka ce ba ta cin abinci ita ce ta fi shiga wannan haɗari.

Matarka ta fara zuwa awon ciki ta faɗa musu tana shayarwa. Idan tana zubar jini, ko ta taɓa haihuwar bakwaini ko yawan ɓari, ko 'yan biyu ne, za su iya ce mata ta daina. In ba haka ba tana iya ci gaba, muddin tana ƙara cin abinci tana shan maganin ƙarin jini. Nan aikinka yake, cefane ya ƙaru.

In kun zaɓi yaye, ku ba shi mako 3 zuwa 4. A fara cire shan tsakar rana a sa abinci a gurbinsa, bayan kwana 4 ko 5 a cire wani, na dare ya zama na ƙarshe. A ba ta abinci kafin nono, a kwanonta ita kaɗai don a san abin da ta ci, sau 3 zuwa 4 a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kada a shafa maɗaci ko barkono a kan nono. Daren farko da na biyu kai ka ɗauke ta ka lallashe ta, domin a jikin uwar ƙanshin nono zai hana ta haƙura. Idan nono ya cika ya yi wa uwar tauri, ta tatse kaɗan don ta samu sauƙi, kada ta tatse duka.

Tambaya: Ɗan maƙwabciyata ya sha kananzir, aka ɗura masa manja don ya yi amai. Haka ake yi?
Wata mai karatu, Gusau

Amsa: A'a, kuma a daina. Haɗarin kananzir a huhu yake. Idan aka sa yaro amai, ko aka ɗura masa manja ko madara yana kuka, kananzirin yakan kauce ya shiga hanyar numfashi, ɗigo kaɗan kuma ya isa ya kumbura huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa baki da jiki da sabulu, a zaunar da shi, a kai shi asibiti ko da ya ga kamar lafiya lau, domin tari da haki suna iya bayyana bayan awanni. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an zuba kananzir ko fetur a gorar lemo ko ta ruwa an ajiye a ƙasa. A bar shi a jarkarsa, a rufe, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Haka maganin ɓera da fiya-fiya.

Tambaya: Ɗana shekararsa shida, har yanzu yana fitsarin kwance kusan kullum. Na yi duka, na hana shi ruwan dare, yayyensa sun yi masa waƙa, duk a banza.
Uwar yara huɗu, Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye bulalar, ki kuma hana yayyensa waƙar tun yau. Yaron ba da gangan yake yi ba, yana barci abin ke faruwa. A cikin yara 100 'yan shekara 5, kusan 15 suna fitsarin kwance, kuma mafi yawansu suna dainawa da kansu. Abin yana bin jini, in kika bincika za ki iya samun mahaifinsa ko wani kawunsa ya yi. Wasu yaran jikinsu na tara fitsari da yawa da dare, wasu mafitsararsu ba ta riƙe da yawa, wasu kuma nauyin barci ne. Tsoro da kunya ba sa gyara ko ɗaya daga ciki.

Hana ruwa gaba ɗaya kuskure ne. Ya sha sosai da safe da rana, a rage daga magariba, a cire shayi da lemon kwalba da yamma. Ya yi fitsari sau 5 ko 6 a yini, ya yi bayan isha'i, ya sake yi daf da kwanciya. Ki ajiye masa fo da tocila kusa da shimfiɗa, domin yara da yawa tsoron fita banɗaki cikin duhu ke sa su maƙale. Ki lura da bayan gidansa: in yana kwana 2 ko 3 bai yi ba, ko yana yi da tauri, hanjin da ya cika yana danne mafitsara, kuma sau da yawa gyara wannan da ruwa da ganye da gwanda yana rage fitsarin. Ki sa leda a ƙarƙashin zanen gado, da safe ya taya ki cirewa ba tare da faɗa ba, ya yi wanka kafin makaranta don kada 'yan ajinsu su ji zarni. Ki yaba masa a kan abin da yake iyawa, kamar tuna yin fitsari kafin barci.

A kai shi asibiti a gwada fitsarinsa idan da ya daina na wata 6 sannan ya dawo, ko yana jiƙa wando da rana, ko yana jin zafi wajen fitsari, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, wanda ka iya zama ciwon sukari. Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga yaron da ke wanka a kududdufi ko rafi, alamar tsargiya ce, kuma tana da magani. Idan ya kai shekara 7 abin bai ragu ba, likitan yara yana da hanyoyin taimaka masa, har da ƙwayar da ke rage fitsarin dare, wadda ba a sha sai da umarninsa.